Bazara a Makarantar Mishan: Yadda Za a Raka 'Yan Aji Biyar da Shida Daga Larabar Toka Zuwa Ruwan Shuka

Da zarar hazo ya washe, yara suka daina zuwa da rigar sanyi da leɓe a fashe, duk malamin da ya daɗe yana riƙe manyan azuzuwan firamare ya san abin da ke tafe. Nan da mako uku kwanon rufi zai fara ƙas-ƙas tun ƙarfe 11. Mangwaron bayan coci zai fara nuna, hankalin yara ya koma can. Katikis, mai koyar da addini a coci, zai leƙo yana neman 'yan aji biyar domin Hanyar Gicciye, addu'ar tuna tafiyar Yesu zuwa gicciye, shugabar makaranta tana neman 'yan aji shida domin fom ɗin jarrabawa, iyaye kuma suna tsayawa a bakin ƙofa suna tambaya ko za a ƙara lesin. Duk wannan kaya a kan yaro ɗan shekara 10 ko 11 yake sauka, a watannin da suka fi kowanne zafi a shekara.

Na yi shekaru ina koyarwa a firamaren Katolika a Arewa, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake barin jarrabawa ta haɗiye bazara ɗungurungum. Daga Maris zuwa Mayu ba abin da yaro ke gani sai tsofaffin tambayoyi, cikin ɗaki mai zafi kamar tanda, har ya fita da makin da ake so amma ya tsani littafi. Alhali bazara ita ce lokacin da rana, wata, ƙasa da kalandar coci duk suke koyar da darasi kyauta a bakin ƙofar aji. Ga yadda nake tsara ta, mataki bayan mataki, ga malami da kuma uwa ko uban da ke son su san abin da ya kamata su nema daga makaranta.

Mataki na farko: ku zauna da kalanda tun cikin Fabrairu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin azumin Kirista na gabanin Ista ya kama, malamin aji ya samo babban kwali, ya zana makonni daga Fabrairu zuwa Yuli, ya manna a bango inda kowane yaro zai gani.

Ranar da za a fara sawa ita ce Ista, domin ita ke jan sauran. Ba ta da tsayayyar rana: tana faɗuwa ne a Lahadin farko bayan cikar wata ta farko daga 21 ga Maris, don haka takan zo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A 2024 ta kama 31 ga Maris, a 2025 kuwa sai 20 ga Afrilu. Tazarar mako uku ke nan, kuma mako uku a zangon karatu ba abin wasa ba ne. Daga Ista a ƙirga kwana 46 baya, a sami Larabar Toka, ranar da azumin ke farawa. Ku bar yara su yi ƙirgar da kansu, sannan ku tambaye su me ya sa ake cewa azumin kwana 40 ne. Idan suka cire Lahadi shida da ke ciki za su gano amsar, kuma lissafin da yaro ya gano da hannunsa ba ya mantawa.

Sai a sa sauran: 17 ga Maris ranar Waliyyi Patrick, wanda Katolikan Najeriya suka riƙa a matsayin waliyyin ƙasa, 19 ga Maris ranar Waliyyi Yusufu, Mako Mai Tsarki, wato makon ƙarshe kafin Ista, hutun ƙarshen zango na biyu, 1 ga Mayu ranar ma'aikata, 27 ga Mayu ranar yara, da ranakun jarrabawar shiga sakandare da zarar an sanar. Idan akwai yara Musulmi a ajin, kuma a yawancin makarantunmu akwai su, a sa azumin Ramadan da Salla a kan kwalin nan ɗaya. Bayan an gama, a ƙirga makonnin da suka rage na ainihin karatu. Kullum sukan fi ƙanƙanta a kan yadda malami ke zato, kuma gara ya sani tun yanzu da ya gano a tsakiyar Afrilu.

Mataki na biyu: ku yi wa zafi shiri kamar baƙon da kuka san ranar zuwansa

A Sakkwato, Maiduguri, Kano da Maraɗi, zafin Afrilu yakan haura digiri 40. Kaduna da Zariya ba su kai haka kullum ba, Jos kuma Allah ya yi mata sauƙi, amma ko'ina ɗakin da ke da rufin kwano ba silin yakan fi waje turiri da rana tsaka. Yaron da ke gyangyaɗi ƙarfe 12 ba malalaci ba ne, jikinsa ne ke faɗa da zafi.

Abu na farko, a juya jadawalin darussa. Lissafi da Turanci su dawo farkon safiya, nan da nan bayan addu'a. Addu'ar safe kanta a taƙaita ta, a yi ta a inuwa. Na sha ganin yarinya ta yanke jiki ta faɗi a layi saboda an tsayar da su ana jero sanarwa. Bayan tara a sa abin da ake yi da hannu ko da baki: karatu a bayyane, waƙa, zane, haddar katikizim. Wasan motsa jiki kuwa ko dai da sassafe ko a haƙura da shi sai ruwa ya sauka. Idan akwai babbar darbejiya a harabar makaranta, ku kwashi benci ku koma ƙarƙashinta don darasin ƙarshe.

Na biyu, ruwa. Kowane yaro ya zo da gorarsa, aƙalla mai cin lita 1, kuma a bar shi ya sha a cikin aji ba sai ya ɗaga hannu ba. A ajiye randa mai murfi a lungun aji. Aji mai yara 40 jarka biyu masu lita 25 sun ishe shi yini. A sami moɗa ɗaya mai dogon mariƙi ta ɗiba kawai, a zuba wa kowa a gorarsa, kada baki arba'in su bi kofi ɗaya. Wannan ba tsabta ce ta ƙawa ba. Bazara lokacin sanƙarau ne da ƙyanda, kuma cunkoso da rashin iska ne ke yaɗa su. Tagogi su kasance a buɗe ta ɓangare biyu.

Kowane malami da kowace uwa su haddace alamun nan. Zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, wuya ya sandare har yaro ya kasa kai haɓarsa ƙirji, ko ya riƙa gudun haske: asibiti nan take, ba a jira a tashi, ba a tsaya a kemis. Sanƙarau na iya kashewa cikin kwana ɗaya, wanda ya tsira kuma wani lokaci yakan rasa ji. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare nau'i biyar na ƙwayar cutar, don haka in masu rigakafi suka zo unguwa ko makaranta, ku miƙa yaranku. Wanda zafi kawai ya buga, wato jiri, kasala da gumi mai yawa, a kai shi inuwa, a sassauta masa yunifom, a shafe shi da jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Ruwan gishiri da sukari na gida shi ne lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In kuwa ya fara sambatu ko jikinsa ya yi zafi rau ya bushe, shi ma asibiti ne.

Mataki na uku: ku daidaita azumi da shekarun yaro

Nan ne iyaye masu kishin addini sukan wuce gona da iri, da kyakkyawar niyya. Dokar coci a fili take. Ƙaurace wa nama ranakun Jumma'a na azumi yana hawa kan mutum ne daga shekara 14. Rage abinci a Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau, wato Jumma'ar da ke gabanin Ista, yana hawa ne daga shekara 18 har zuwa shiga shekara ta 60. Ɗan aji biyar ko shida bai kai ko ɗaya ba. Ruwa kuwa dokar ba ta hana kowa ba. Don haka kada a turo yaro makaranta da cikin wofi a watan Maris da sunan azumi. Ko ranar da ake Mas na makaranta, wato sujadar Katolika, abin da ake nema ga mai karɓar Jibin Ubangiji shi ne ya dakata da ci awa 1 kafin ya karɓa. Ya sha kokonsa ƙarfe 6:30 ya fito.

Abin da dokar ta ɗora wa iyaye da masu kiwon coci shi ne su koya wa ƙanana ma'anar tuba. Ginshiƙan azumin uku ne, addu'a, kamewa da sadaka, kuma kowanne yana da girman da ya dace da ɗan shekara 11. Ni nakan sa kowane yaro ya rubuta abu ɗaya da zai bari da abu ɗaya da zai riƙa yi, a 'yar takarda, ya ninke, mu zuba a gwangwani mu rufe sai Mako Mai Tsarki. Wani ya bar alawa, wata ta bar tsegumi, wani ya ɗauki ɗebo wa kakarsa ruwa. Ba na karantawa. Kuɗin alawar da aka bari a jefa a asusun aji. Makarantu da yawa suna da ƙungiyar yara ta mishan, wadda aka kafa a Faransa a 1843 bisa manufar yara su taimaki yara, kuma ta nan kuɗin kan bi. Amma na fi son a ware wani kaso da yaran za su ga inda ya tafi da idonsu: sabulu da garin kunu ga wata tsohuwa a unguwa, ko kuɗin fom na wani ɗan ajin, a asirce, ba tare da an kira suna ba.

Hanyar Gicciye tasha 14 ce, ana yin ta ranakun Jumma'a. Ku roƙi fada ko katikis a yi ta makaranta da safe ko a cikin coci, kada a zagaya fili da yara suna durƙuso a kan yashi mai zafi ƙarfe 1 na rana. A raba tashoshin ga yara, kowa ya karanta tasa. Yaron da ke in'ina a aji, in aka ba shi layi uku ya yi mako yana bita, yakan ba mutane mamaki, kuma ya sami darasin karatu a bainar jama'a da ba zai samu a littafin Turanci ba.

Yara Musulmi ba a tilasta musu komai daga cikin wannan. A ba su wurin zama mai inuwa da aikin yi, da malami a tare da su. A 2025 Ramadan ya kama a farkon Maris, Larabar Toka kuma 5 ga Maris, azumi biyu suka haɗu a aji ɗaya. In haka ta faru, wasu daga cikin manyan yaran Musulmi suna gwada azumi har ba ruwa, sai a ɗauke musu shara da wasa, kuma a koya wa sauran kada su riƙa ci a gabansu da gangan. Yara sun fi manya saurin gane irin wannan kara.

Mataki na huɗu: jarrabawa, a ba ta haƙƙinta ba ƙari

Jarrabawar shiga sakandare da yara ke kira kwaman kala-kala ce. Akwai ta ƙasa, wadda hukumar NECO mai hedikwata a Minna ke shiryawa domin shiga makarantun haɗin kai na gwamnatin tarayya, waɗanda suka haura 100. Akwai ta jiha. Akwai kuma wadda kowace sakandaren mishan ke yi da kanta, irin su St. Louis ta Kano da ta Jos ko St. Murumba, da ƙananan makarantun horar da fada kamar St. Joseph ta Zariya da St. John Vianney ta Barikin Ladi, waɗanda sukan nemi takardar baftisma da shaidar fadan coci. Kakanni da yawa za su ambaci wasu sunaye da yanzu babu su, domin a shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan: St. John's ta Kaduna ta koma Rimi, Queen of Apostles ta koma Queen Amina. Iyaye su zaɓi biyu ko uku tun watan Fabrairu, su je da ƙafarsu su tambayi ranar jarrabawa da ta ganawa, saboda sukan ci karo.

Wajen cike fom a kula da suna. Yadda aka rubuta shi a takardar haihuwa, haka za a rubuta a ko'ina, harafi da harafi, da jerin sunayen yadda suke. Uba ya zauna kusa da mai kwamfuta ya duba kafin a tura. Kuskuren harafi ɗaya a yau shi ke sa mutum yawon rantsuwa a kotu bayan shekara 6.

Ina roƙon iyaye abu ɗaya da zuciya ɗaya: ku bar yaro ya yi aji shida. Ɗabi'ar cire yaro daga aji biyar, har ma aji huɗu, a kai shi sakandare yana ɗan shekara 9 ta yi wa yara da yawa illa. Yana iya cin jarrabawa, amma wankin kayansa, riƙe kuɗinsa da tsare kansa a gaban manyan ɗalibai fa? Waɗannan shekaru ne ke kawo su.

Ga tsarin bita da ya yi mini aiki. Makon farko a yi gwaji ɗaya ba tare da an yi shiri ba, kuma kada a kira maki a gaban aji. Malami ya zauna da takardun ya ware kurakurai gida uku: wanda bai san abin ba, wanda ya sani amma bai fahimci Turancin tambayar ba, da wanda lokaci ya ƙure masa. Maganinsu daban-daban ne. Na farko yana bukatar a koma baya, kuma sau da yawa in ka tona za ka tarar haddar sau ce ba ta zauna ba. Minti 10 kowace safiya na mako uku yana gyara ta. Na biyu shi ne mafi yawa a wurinmu. Yaron da ke jin Bajju, Birom, Gbagyi ko Angas a gida, Hausa a titi, sannan Turanci a takarda, ba daƙiƙi ba ne don ya tsaya a kan kalma. Ku sa shi ya karanta tambayar, ya faɗi abin da ake nema da Hausa, sannan ya warware. In ya iya faɗa da Hausa, rabin aiki ya ƙare. Na uku kuma agogo yake bukata: tambaya 20 cikin minti 20, sau biyu a mako, da dokar cewa wadda ta gagara a tsallake ta a dawo.

A koya musu cike takardar amsa da fensir HB: a cike gurbi ɗaya sosai, a goge tas in an canza, a riƙa duba lambar tambaya da ta amsa kowane layi biyar. Yaro mai ƙoƙari yakan zubar da maki goma saboda ya zame layi ɗaya bai lura ba.

Lesin kada ya wuce awa 1, kuma kada a yi shi daga 2 zuwa 4 a ɗakin da aka yini a ciki. Asabar da safe ta fi. A gida, awa 1 bayan rana ta yi sanyi ta wadatar, sannan barci da wuri. Game da satar amsa kuwa, makarantar da ke koya wa yaro furta zunubi ranar Asabar ba ta da bakin da za ta rubuta masa amsa a allo wata Asabar ɗin. In wani ya nemi ku kawo kuɗin "taimako" a ranar jarrabawa, ku ƙi, ku kuma gaya wa yaron dalilin ƙin.

Mataki na biyar: ku fito da aji waje, bazara ta koyar

Wannan shi ne sashen da na fi so, kuma shi ake fara yankewa in lokaci ya ƙure. Kada ku yanke shi. Awa 1 a mako ta isa, kuma duk abin da ke ciki yana fitowa a jarrabawar lissafi da kimiyya.

Ku fara da inuwa. A kafa sanda mai tsawon mita 1 a fili mai laushi, a daidaita ta da zare da dutse har ta miƙe cak. Kowace Laraba wajen ƙarfe 12:30, lokacin da rana ke tsakar ka a yankinmu, yara biyu su fita su auna inuwar da rula su dawo. Minti biyar ne, kuma a gargaɗe su kada su kalli rana. Wajen 21 ga Maris inuwar za ta nuna arewa, tsawonta kusan santimita 19 a Kaduna, 21 a Kano. Mako bayan mako tana raguwa. Wajen 17 ga Afrilu a Kaduna, 21 ko 22 a Kano, sai ta ɓace ƙarƙashin sandar. In ranar ta faɗo cikin hutu, kowa ya kafa tasa a gida. Da aka dawo a Mayu inuwar ta ɓullo ta kudu. Ranar da yara suka ga haka ajin yakan kaure da gardama, kuma daga gardamar nan ake shiga bayanin karkatar duniya da dalilin da ya sa Afrilu ke ƙuna. Su zana awon a jadawali, sun koyi zanen kwatance ke nan ba tare da an kira sunansa ba. Da dare kuma su riƙa zana siffar wata har ya cika, su gani da idonsu cewa Lahadin da ke biye ita ce Ista.

Sai randa. Ku tambaye su me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi alhali a ɗaki ɗaya suke. Su taɓa jikin randar su ji danshi. Ruwan da ke tsatsowa yana bin iska, yana tafiya da zafi, kamar yadda gumi ke yi wa jiki. Daga nan a gwada tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. A sa tumatir uku a ciki, uku a kan tebur, a riƙa dubawa kullum. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Yara suna jin daɗin sanin cewa malamin makaranta ne daga nan kusa, da tukwanen da iyayensu mata ke saya a kasuwa. In damina ta matso iska ta yi danshi, za su lura sanyin tukunyar ya ragu. Ku bar su su nemo dalili.

Na uku, gwajin iri. Kowane rukuni ya kawo ƙwayar wake 20 daga gida, a jera a jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Bayan kwana 6 ko 7 a ƙirga waɗanda suka tsiro. In 17 suka fito cikin 20, kashi nawa ke nan cikin 100? Da sun sami 85 da kansu, lissafin kashi cikin ɗari ya daina zama dodo. Yaran da iyayensu ke noma su kai sakamakon gida. Irin da rabinsa bai tsiro ba gara a sani kafin a zuba shi a gona.

Na huɗu shi ne renon itatuwa. A tattaro ledojin fiyawata da suka cika harabar makaranta, a yanke bakinsu, a huda gindi, a cika da ƙasa, yashi da ruɓaɓɓen taki. Zogale ya fi sauƙi, cikin mako biyu ya fito. Ƙwallon mangwaron da yara ke jefarwa a wanke shi, a shanya kwana biyu, malami ya fasa ɓawon da wuƙa a fitar da ƙwayar a shuka. Kowace leda da sunan mai ita. A jera su a inuwa, a kewaye da ƙaya saboda awaki, ruwan wankin hannu kuma a riƙa tara shi domin ban ruwa. Fafaroma Faransis ya rubuta wasiƙa a 2015 kan kula da duniya a matsayin gidanmu duka. Ɗan aji biyar ba zai karanta ta ba, amma zai gane ta ranar da ya manta da ban ruwa ya tarar da zogalensa ya langaɓe.

A ƙarshe a shirya ma'aunin ruwan sama tun kafin hadari ya fara haɗuwa: gorar roba mai miƙaƙƙen jiki, a yanke samanta a kifa shi ciki kamar mazurari, a zuba tsakuwa da ruwa har su rufe ƙasan da ba daidai ba, a ja layin sifiri a nan. A buɗe shafi a bango na alamun damina: ranar da iska ta juyo daga kudu, ranar da aka fara ganin shamuwa, ranar da gawo ya fara zubar da ganye, ranar yayyafin farko. A tura su su tambayi kakanni bambancin ruwan da ake shuka da shi da wanda ke yaudarar manomi, da abin da ake nufi da bizne. Abin da suka jiyo su rubuta shi, da Hausa ko da Turanci, ya zama insha'in makon.

Mataki na shida: hutun Ista

Kada a cika shi da aikin gida. Littafin labari ɗaya, awon inuwa, da haddar sau ga mai bukata. A raba wa yaran da ke kusa da makaranta ranakun ban ruwa, in ba haka ba za a dawo a tarar da busassun ledoji. Masu yi wa fada hidima a bagade suna da dogayen sujada daga Alhamis zuwa daren Asabar. Iyaye su tabbata sun ci sun sha sun yi barcin rana.

Mataki na bakwai: zango na uku, miƙa ragama

Mayu watan Maryamu ne a wurin Katolika. Goma ɗaya na rozari, wato carbin Katolika, a ƙarshen yini, minti biyar, 'yan aji biyar su riƙa ja. Da gangan nake cewa aji biyar. Daga yanzu su ne za su karɓi ƙararrawa, jan addu'ar safe, kula da randa da rakiyar 'yan aji ɗaya zuwa bakin ƙofa, kowanne da ɗan aji shida a gefensa yana nuna masa har tsawon wata guda.

'Yan aji shida kuwa, da zarar sun rubuta jarrabawa sai wasu makarantu su sake su kamar an gama da su, wasu iyayen ma su daina turo su. Makonnin nan suna da aikinsu. Malama ta zauna da 'yan mata su kaɗai, da sanin iyaye, ta yi musu bayanin al'ada dalla-dalla: me za su gani, me za su yi, wa za su gaya wa. Wasu sun riga sun fara suna ɓoyewa cikin tsoro. Malam ya zauna da maza. Dukansu a gaya musu a fili cewa ba wanda ke da ikon taɓa jikinsu ko kiransu ɗaki su kaɗai, ko babban ɗalibi ne, ko malami, ko mai riga ta coci, kuma in ya faru su faɗa, ba laifinsu ba ne. Wanda zai tafi makarantar kwana ya koyi wanki, ɗinke maɓalli, ɗaura gidan sauro, rubuta sunansa a kayansa, da haddace lambar wayar mutum biyu na gida.

Dashe sai ruwa ya zauna, galibi cikin Yuni, lokacin da ka tona ƙasa tsawon hannu ka tarar da danshi. A haƙa rami mai zurfi da faɗin kamu biyu, a gauraya ƙasar sama da taki, a yaga ledar a hankali kada ƙasar jikin saiwa ta watse, a dasa da yamma. Mangwaro a ba shi tazara mai yawa da gini, taku 10 ko fiye; zogale ya bi jikin shinge. A kewaye kowanne da tubali ko tsohon kwando. Sauran ledojin kowa ya tafi da nasa gida.

Sai a ɗauko littafin aji a buɗe sabon shafi mai layi huɗu: irin itacen, ranar dashe, sunan ɗan aji shida da ya rene shi, da sunan ɗan aji biyar da ya karɓa. Su biyun su auna tsawonsa da rula tare, su rubuta, su sa hannu. A bar fili a gefe domin awon Satumba.